Gizo-gizo da tautau: wanda za a guje wa da wanda za a ƙyale



A kowace shekara, daga tsakiyar damina har zuwa ƙarshen kaka, akwai wata ƙara da ba ta yankewa a Ɗan Issa da sauran garuruwan ƙasar Madarunfa. Mutum ya kwanta lafiya lau, gari ya waye ya tashi da ƙuraje masu ruwa a wuya ko a gefen ido, ko kuwa da wani kumburi mai zafi a damtse. Kafin rana ta take, unguwa ta riga ta yanke hukunci: tautau ne. Wannan ya ce cizo ne, wancan ya ce fitsarinsa ne, wata tsohuwa ta ce a cikin abinci ya faɗa. Ba wanda ya ga mai laifin da idonsa, amma an gama shari'a. Daga nan sai a ɗauko tsintsiya da kwalbar piya-piya a bi gida lungu-lungu, shi kuwa mai ciwon a shafa masa abin da ya samu, a zauna jiran sauƙi.

Wannan shari'a ce muke son mu sake dubawa a wannan mako. Abin da muke fatan mai karatu ya riƙe shi ne, gizo-gizon da ke iya yi wa mutum illa kaɗan ne ƙwarai, kuma ana gane su da ido idan an san alamominsu. Mafi yawan ciwon fatar da ake jingina wa tautau yana da wani mafari dabam, kuma jinkirin neman wannan mafarin shi ne ke jawo asarar kuɗi, da lafiya, wani lokaci ma da rai.

Yawansu da amfaninsu

Da farko dai a bambanta gizo-gizo da sauran ƙwari. Ƙuda da sauro da fara da kyankyaso ƙafa 6 gare su, jikinsu kashi uku ne, yawancinsu kuma suna da fukafukai. Gizo-gizo ƙafa 8 gare shi, jikinsa kashi biyu, ba shi da fiffike, ba shi da ƴan gasun nan biyu na goshi. Danginsa na kusa su ne kunama da kaska.

Wani gidan tarihin halittu da ke birnin Bern na ƙasar Suwis yana riƙe da kundin sunayen gizo-gizo na duniya baki ɗaya, kuma a cikin watan Afrilu na 2022 lissafin ya kai iri dubu 50. Kusan dukansu suna da dafi, domin da shi suke kashe abin da za su ci. Amma dafin an yi shi ne daidai da ƙuda da tsutsa, kuma yawancinsu fiƙoƙinsu ba su da ƙarfin huda fatar ɗan Adam. Waɗanda likitoci suka tabbatar suna kwantar da mutum dangi ne ƴan kaɗan, ba su cika yatsun hannu biyu ba. Biyu daga cikin waɗanda aka fi yaɗa hotunansu a WhatsApp da Facebook, wato mai yawo a gonakin ayaba na Barazil da mai rami na birnin Sidni a Ostaraliya, ba ƴan Afirka ba ne. Shi na Sidni ɗin ma, tun da aka samar da maganin dafinsa a 1981 ba a sake rubuta mutuwar kowa ta dalilinsa ba.

Amfaninsu kuwa ba ƙarami ba ne. A 2017 wasu masana biyu, Martin Nyffeler da Klaus Birkhofer, sun ƙiyasta cewa gizo-gizon duniya suna cinye tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da makamantansu a kowace shekara. Ƙasar Madarunfa tana cikin sassan Nijar da suka fi samun ruwan sama. Ga Gulbin Maraɗi, ga tabkin Madarunfa, ga noman rani na Jiratawa, ga dajin Baban Rafi. Inda ruwa da ganye suka yawaita ƙwari na yawaita, inda ƙwari suka yawaita kuwa dole mai cin su ya biyo. Mai garkar da ya ga yanar gizo a tsakanin zogalensa da tumatirinsa, ya sani ya samu ɗan ƙodago ne wanda ba ya neman lada.

Gizo na tatsuniya, mijin Ƙoƙi, ya daɗe da ɓata wa danginsa suna da wayo da yaudara. Amma kada a manta, akwai sura sukutum a cikin Alƙur'ani mai girma da ke ɗauke da sunan wannan halitta, kuma littattafan tarihin Manzon Allah (SAW) sun kawo labarin saƙar da ya yi a bakin kogon Saur a lokacin hijira.

Waɗanda ba su da laifi

Na farko shi ne mai dogayen ƙafafu sirara kamar zare da ɗan ƙaramin jiki, wanda ke rataye a kusurwar ɗaki, a jikin azara, ko a saman makewayi. Idan aka taɓa yanarsa sai ya kama karkarwa da sauri har ido ya kasa tsayar da shi. Wannan ba ya cutar da kowa. Sauro da ƙananan ƙudaje yake ci, yana ma kama wasu ire-iren gizo-gizon da suka fi shi jiki.

Na biyu shi ne ɗan gajeren nan mai tsalle, mai manyan idanu biyu a gaba, wanda ake gani da rana a jikin bango ko taga yana laɓaɓa wa ƙuda kamar kyanwa. Ba ya saƙa tarko. Yakan juyo ya dubi mutum, abin da ke ba wasu tsoro, alhali kuwa ganinsa ne ke da ƙarfi. A ƙasar Kenya, a bakin tabkin Biktoriya, akwai wani ɗan'uwansa da masana suka gano ya fi son macen sauron da ta riga ta sha jini a kan kowane abinci.

Na uku shi ne shimfiɗaɗɗen nan mai launin ƙasa da ke manne da bango kamar an liƙa shi, wanda ke fitowa da dare daga bayan hoto ko kalanda, ya yi gudu a karkace idan an matso. Da shi da babban ɗan'uwansa mai faɗin tafin hannun yaro, wanda macensa ke ɗauke da farar jakar ƙwai a ƙarƙashin cikinta, su ne sau da yawa ake nunawa idan an ce tautau. Girmansu da saurinsu ne suka ja masu baƙin jini. Kyankyaso da gyare da asu su ne abincinsu. Idan aka matse babban a hannu yana iya cizo, zafin kuma ba ya wuce na harbin zuma, ya lafa cikin ƴan awoyi.

Na huɗu shi ne mai gudu a ƙasa a cikin gona da garka, mai ratsi-ratsi a baya. Macensa na jan jakar ƙwai a bayanta, idan an ƙyanƙyashe kuma ta goya ƴaƴan duka. Wanda ya haska tocila a fili da dare zai ga idanunsu na ƙyalli kamar raɓa.

Na biyar su ne masu saƙa babbar yana mai zagaye kamar faifai a tsakanin itatuwa ko a jikin darni: mai ratsin rawaya da baƙi wanda ke yin farin zane mai lanƙwasa a tsakiyar yanarsa, da kuma babban nan mai yana mai ruwan zinariya. Kyan launinsu na sa a zaci mugun dafi gare su, alhali ba ruwansu da mutum. A nan ma akwai ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: duk gizo-gizon da ya saƙa yana mai tsari, mai zagaye, a fili inda kowa ke gani, ba abin tsoro ba ne.

Akwai kuma wata halitta da ake haɗawa da gizo-gizo alhali ba shi ba ce: mai launin rairayi, mai gashi, mai manyan muƙamuƙai, wadda ke shigowa da gudun tsiya wajen fitila a daren bazara. Da Faransanci galéode ko solifuge ake ce mata. Kamar mai ƙafa 10 take, amma biyun gaba hannuwan lalube ne. Ba ta da dafi sam, ba ta kuma saƙa. Idan ta bi mutum da rana, inuwarsa take nema. Tana iya cizo idan an kama ta, sai a wanke wurin da sabulu kamar kowane rauni.

Biyu da ya kamata a sani

Ta farko ita ce wadda Faransawa ke kira veuve, wato mai takaba, saboda zancen da ake yi cewa tana cinye mijinta bayan barbara. Iri-iri ce. Baƙar, mai sheƙi, ita ce ta yi suna a Amurka da kudancin Turai da Afirka ta Kudu. Wadda ta fi bazuwa a ƙasashe masu zafi na Afirka da sauran duniya ita ce mai ruwan ƙasa, wadda masana ke kira Latrodectus geometricus, kuma ita ce ya fi kamata mu sani. Alamominta huɗu ne. Jikinta bai wuce santimita 1 ba, cikinta mulmulalle kamar ƙwayar gujiya. Ƙafafunta dogaye ne, da duhu a gaɓoɓi. A ƙarƙashin cikinta akwai tambari mai ruwan goro ko rawaya, mai siffar kalangu, faɗi a sama da ƙasa, tsuke a tsakiya. Da yake a kife take rataye a yanarta, tambarin sama yake kallo. Ta huɗu, wadda ta fi sauƙin gani, ita ce jakar ƙwanta: fara-fara ce, mulmulalliya, da ƴan tsinaye a duk jikinta kamar ƙarangiya. Duk inda aka ga wannan ƙarangiyar rataye, uwar na kusa.

Yanarta ba ta da tsari, a hargitse take, zarenta kuma yana da ƙarfi fiye da na sauran. Wuraren da take so su ne ƙarƙashin kujerar roba ko ta ƙarfe, leɓen bokiti da tukunyar shuka, cikin tsohuwar taya, ƙarƙashin amalanke ko babur ɗin da aka jima ba a hau ba, bakin rumbu, akurkin kaji, da murfin masai. Matsoraciya ce, idan aka taɓa yanar takan dunƙule ta faɗo ƙasa kamar matacciya. Ba ta cizo sai an matse ta a jikin fata.

Dafinta jijiyoyi yake taɓawa. Cizon baƙar na iya kawo zafi mai tafiya daga wurin cizon zuwa hantsa ko hammata, da murɗewar tsoka, da taurin ciki, da gumi mai yawa, da hawan jini. A 1993 an wallafa bayanin mutum 45 da waɗannan iri biyu suka ciza a Afirka ta Kudu, aka ga waɗanda mai ruwan ƙasa ta ciza yawancinsu zafi ne kawai a wurin cizon da kewayensa, masu jin jiki sosai kuwa na baƙar ne. Duk da haka yaro ƙarami da tsoho da mace mai ciki ba a yi masu jinkiri.

Na biyu shi ne wanda masana ke kira Loxosceles, Faransawa kuma recluse, wato mai ɓuya, ko mai goge, domin akwai wani zane mai duhu a bayan kansa mai kama da goge. Ƙarami ne, ruwan ƙasa mai haske, ƙafafu sirara marasa ratsi, cikinsa ba zane. Ido 6 gare shi, biyu-biyu a wuri uku, alhali yawancin gizo-gizo 8 gare su. Asalin irin da ya fi yawo a duniya ƙasashen bakin tekun Bahar Rum ne, har da Arewacin Afirka, kuma a cikin kayan fatauci ya bazu zuwa nahiyoyi da dama. Yana son wuri busasshe mai duhu wanda ba a motsawa: kwalaye, tarin takardu, buhunan da aka jibge, tufafin da aka rataye aka manta. Da dare yake fita.

Cizonsa ba ya zafi da farko. Bayan ƴan awoyi wurin ya yi ja, ya soma raɗaɗi. Galibi yana warkewa da kansa. A wasu mutane tsakiyar wurin na yin shuɗi-shuɗi cikin kwana 2 ko 3, daga baya ya yi baƙi, fatar ta mutu ta bar gyambon da ke ɗaukar makonni. Nadiran dafin na fasa ƙwayoyin jini, fitsari ya yi duhu. Wannan kam sai asibiti nan take. Amma a dubi wannan labari: a 2001, a wani gida a jihar Kansas ta Amurka, an tattara irin wannan gizo-gizo guda 2,055 cikin wata 6, kuma mutum 4 da suka shekara da shekaru a gidan ba wanda aka taɓa sanin an ciza. Ke nan ko mai dafin ma, gudun mutum yake.

Wannan bayani ya fi shafar Alhazanmu ƴan kasuwa da ma'aikata. Ɗan Issa ƙofa ce a kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina, kaya na sauka, kaya na tashi. A lokutan da iyaka ta rufe, a 2019 da kuma 2023, an ga yadda kaya suka yi watanni jibge a mangaza ba mai taɓa su. Irin wannan ajiya, da tarin tsofaffin takardun da ke kabad a biro ko a ofishin duwan, su ne masaukin da waɗannan biyu ke so. Masu zuwa Lome da Kwatano da Abijan kuma su san da manyan masu gashin nan da ake kira mygale, waɗanda wasunsu ke zama a kan itatuwan kwakwar manja. Cizonsu na da zafi ƙwarai, yana iya sa murɗewar tsoka ta kwanaki, amma sai wanda ya kai masu hannu suke cizo.

To, me ke fitowa a fata?

Hausawa na cewa an bar jaki ana dukan taiki. A 2011 wani likita a kudancin Kalifoniya ya wallafa binciken da ya yi a kan mutum 182 da suka zo asibiti suna cewa gizo-gizo ya cije su. Mutum 7 kaɗai aka tabbatar cizon gizo-gizo ne. Kusan kashi 86 cikin 100 ƙwayoyin cuta ne suka shiga fatarsu. A Ostaraliya kuma, a 2002, an bi diddigin cizo 750 waɗanda aka kama gizo-gizon a kai masana suka tantance irinsa, ba a samu ko guda da ya zama gyambo ba. A ƙasarmu ga waɗanda ya kamata a fara tuhuma.

Hangara. Manoma sun san ta a kan gero lokacin da yake bunni, a watannin Agusta da Satumba, kuma da dare hasken fitila na jawo ta cikin gida. Ba ta cizo. Ruwan jikinta ne, idan aka murje ta a fata, ke tayar da bororo kamar ƙunar wuta bayan ƴan awoyi. Akwai kuma wani ɗan siririn ƙwaro mai baƙi da ja, tsawonsa bai kai santimita 1 ba, mai son wuraren damshi da noman rani, wanda masana ke kira Paederus. Shi ma idan aka murje shi cikin barci, bayan kwana 1 ko 2 sai jan layi mai ƙuraje ya fito, kamar an ja wa mutum bulala. Idan hannun ya kai ido, ido ya kumbura. Yawancin abin da ake kira fitsarin tautau aikin waɗannan biyu ne. Gizo-gizo ba shi da wani fitsari mai ƙona fata. Dabarar ita ce, ƙwaron da ya sauka a jiki a hure shi ko a kaɗe shi da takarda, kada a murje, sa'an nan a wanke wurin da ruwa da sabulu tun kafin ya tashi.

Zona. Wannan ciwo ne da ƙwayar cutar ƙarambau ke kawowa. Takan kwanta a jijiya tun ƙuruciya, ta farka idan ƙarfin jiki ya ragu. Alamarsa ba ta ɓuya: zafi ko raɗaɗi ya fara, bayan ƴan kwanaki ƙuraje masu ruwa su fito a jere kamar ɗamara, a gefe guda na jiki, ba su tsallaka tsakiya. Maganinsa, aciclovir, ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 72 da fitowar ƙurajen. Wanda ya zauna yana jinyar tautau ya bar wannan lokaci ya wuce. Idan a goshi ko kusa da ido ya fito, ganin mutum na cikin haɗari. Idan kuma saurayi ko budurwa ya kama, likita kan so a auna jini, domin wani lokaci shi ne alamar farko ta sida ko wata cutar da ke raunana jiki.

Maruru da sauran miki mai ruwa. Kumburi mai zafi, mai ja, mai tara mugunya, ƙwayoyin cuta ne suka samu ƙofa ta sosa ko ƙwarzane. Mai ciwon sukari ya fi kowa hattara da wannan, musamman a ƙafa.

Ciwon saifa na dabbobi, wanda Faransawa ke kira charbon. Mahauta da makiyaya da masu cinikin fata da ƙirgi, waɗanda Maraɗi ta yi suna da su saboda jar akuyarta, su lura: ƙurji mar zafi mai baƙin ɓawo a tsakiya da kumburi a kewaye, bayan an taɓa dabbar da ta mutu farat ɗaya, yana kama da cizon mai goge ƙwarai. Ana warkar da shi da maganin asibiti idan an je da wuri. Idan an bari yana kisa.

Sai gyambon da ke daɗewa watanni ba ya zafi ba ya warkewa, wanda wani ɗan mitsitsin ƙuda mai cizon dare ke kawowa, likitoci na ce masa leishmaniose. Shi ma sananne ne a ƙasashen Sahel, kuma maganinsa dabam ne.

A ƙarshe, wanda aka sara ko aka harba cikin duhu bai ga abin ba, kada ya kwantar da hankalinsa da cewa gizo-gizo ne. Kunama da kububuwa suna zama a wuraren da hannu ke shiga lokacin ɗaukar dammunan gero da kara. Kumburi mai hawa da sauri, ko jini daga dasashi ko daga tsohon rauni, alamar saran kububuwa ce, kuma kowace awa tana da daraja. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum dubu 81 zuwa dubu 138 a shekara. Na gizo-gizo bai ko kama ƙafar wannan ba.

Idan an yi cizon

A wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu. A ɗora tsumma mai sanyi, ko ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle. A ɗaga hannun ko ƙafar, a cire zobe da munduwa tun kafin kumburi. A sha paracétamol saboda zafi. A zagaye iyakar jan da bik, domin a gane ko yana ƙaruwa. Idan an kashe gizo-gizon ko an kama shi, a sa shi cikin kwalba, ko a ɗauki hotonsa da salula a nuna wa malamin asibiti; gani ya kori ji.

Kada a yi tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya ko roba. Kada a zuba fetur, ko ruwan batir, ko toka, ko kashin shanu, domin su ne ke mai da ƙaramin cizo babban gyambo, su kuma buɗe wa tetanos ƙofa. Kada a sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta a hannun mai talla a sha da ka.

A tafi likita ba tare da jira ba idan yaro ne, ko tsoho, ko mai ciki. Ko idan an ga murɗewar tsoka, taurin ciki, gumi mai yawa, amai, wahalar numfashi, masassara, ja mai yaɗuwa, wurin da ke baƙi, ko fitsari mai duhu. A fara da gidan likita mafi kusa, na Ɗan Issa ko na ƙauyen da ake. Su ne za su tura mutum asibitin Madarunfa ko na Maraɗi idan abin ya fi ƙarfinsu.

Rigakafi ya fi magani

Tsintsiya ta fi kwalba. A share ƙarƙashin kujeru da gadaje da bakin rumbu sau ɗaya a mako. Jakar ƙwai mai ƙarangiya a cire ta da tsinke a murƙushe da takalmi. A kakkaɓe takalmi da riga da tabarma kafin amfani. A janye gado daga jikin bango. A liƙe tsagar bango, tun da sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A mangaza a ɗora kaya a kan katako nesa da bango, a riƙa juya su, ƴan dako kuma a saya masu safar hannu, kuɗinta bai kai na jinyar mako guda ba. Kada a tura hannu inda ido bai riga ya shiga ba. Tsaka da ƙadangare da zanzaro, wanda ke cika ɗakinsa na laka da gizo-gizo domin ƴaƴansa, suna rage su ba tare da an biya su ba.

Game da piya-piya da ire-irensa da ake sayarwa a kwalabe marasa takarda a kasuwannin bakin iyaka, galibinsu dichlorvos ne, maganin ƙwarin gona mai ƙarfi. Fesa shi a rufaffen ɗakin da yara ke kwana na iya kawo dalalar miyau, amai, tsukewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi. A 2019 hukumar NAFDAC ta Najeriya ta ba da umurnin janye irin wannan magani daga kasuwanni da kantunan jama'a. A ƙasashen Sahel kuwa akwai kwamitin CILSS mai tantance magungunan ƙwari, kuma maganin da ya amince da shi na ɗauke da lambar izini a jikin takardarsa. Ga shi kuma feshin ba ya cika kashe ƙwan da ke cikin jaka. Mai fesawa ya kashe masu cin sauro, ya shaƙar da iyalinsa guba, ƙwan kuma ya ƙyanƙyashe bayan mako biyu ko uku.

Babban maƙiyin da ke cikin ɗakunanmu sauro ne. A 2023 masassarar cizon sauro ta kashe kusan mutum dubu 600 a duniya, wajen kashi 95 cikin 100 a Afirka, yawancinsu yara ƴan ƙasa da shekara 5. Gizo-gizo na rage sauro, amma ba ya isa ya tsare kowa. Sange mai magani shi ne kariya, kuma shi ne ke hana hangara faɗowa kan mai barci. Maigida da uwargida su koya wa yara alamomin nan biyu, kalangu a ciki da ƙarangiya a yana, su hana su wasa da kowane iri, sauran kuma a fitar da su waje da tsintsiya su je garka su ci gaba da aikinsu. Ciwon fatar da ya kwana biyu yana ƙaruwa kuwa, kowane suna unguwa ta ba shi, a kai shi gaban likita.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.